Yadda Za Ka Wuce Layin Shige da Fice na Turai Jirgi Bai Bar Ka Ba

Na daɗe ina shiga ƙasashen Turai, wani zuwan don harkar kaya, wani zuwan don raka dattawan gidanmu wajen 'ya'yansu. A da ka miƙa fasfo, jami'i ya dube ka, ya dubi biza, ya yi tambaya ɗaya ko biyu, ya buga tambari, ka yi gaba. Tun ranar 12 ga Oktoba 2025 kiɗan ya sauya. A ranar ne ƙasashe 29 na yankin Shengen, wato ƙasashen Turai da suka cire binciken fasfo a iyakokin da ke tsakaninsu, suka fara aiki da tsarin da suke kira EES, wanda ke ɗaukar hoton fuska da zanen yatsun duk baƙon da ya zo gajeriyar ziyara, ya rubuta ranar shigarsa da ranar fitarsa a kwamfuta a maimakon tambarin fasfo. An bi abin sannu a hankali har wata shida, aka sa 10 ga Afrilu 2026 a matsayin ranar da zai kankama a kowace iyaka.

Mu masu fasfon Najeriya, Nijar ko Gana, dangwala yatsa ba baƙon abu ba ne a wurinmu, tun a wajen neman biza muke bayar da yatsu goma. Abin da ya zame mana sabo shi ne layin. Turawan Ingila, Amurkawa da sauran waɗanda ba sa buƙatar biza, da a da suke wucewa kamar iska, yanzu kowannensu sai an yi masa rajista, kuma layinmu ɗaya da su. A Disamba 2025 ƙungiyar filayen jiragen sama ta Turai ta ce lokacin tantance fasinja ya ƙaru da kusan kashi 70 cikin 100 a wasu wurare, jira kuma yana kai awa uku idan cunkoso ya yi yawa. A ƙarshen watan ne gwamnatin Fotugal ta dakatar da tsarin na wata uku a filin jirgin Lisbon saboda tsawon layi. Layin nan ba ka da iko a kansa. Abin da ke hannunka shi ne tikitin da za ka saya, takardun da za ka riƙe, da halin da yatsunka suke ciki ranar tafiya.

Abubuwan da za ka tanada

Fasfo. Dole ya kasance an bayar da shi cikin shekara 10 da suka wuce, kuma yana da sauran aƙalla wata uku bayan ranar da za ka baro Turai. Duba bangonsa na gaba, ƙasa-ƙasa, za ka ga wata 'yar alama mai kusurwa huɗu da da'ira a tsakiya. Ita ce shaidar cewa fasfon na lantarki ne, kuma da irinsa kaɗai ake amfani da na'urorin rajista na yi-da-kanka. Idan bizarka tana cikin tsohon fasfo, riƙe tsohon da sabon tare.

Takardu a buge a kan takarda: tikitin dawowa, shaidar kama ɗaki a otal ko takardar gayyata mai ɗauke da adireshi da lambar wayar mai masaukinka, inshorar lafiya ta tafiya wadda ta kai Yuro 30,000, da shaidar kuɗin guzuri. Na ce a buge saboda dalili. Layin wayarka na gida sau da yawa ba ya kamawa da saukarka, intanet ɗin filin jirgi yana iya ƙin buɗewa, caji yana iya ƙarewa, kuma jami'ai ba sa son ganin ana latse-latsen waya a gaban tagarsu. Saka su duka a leda guda mai haske, fasfo a sama.

Idan da yara, kowanne da fasfonsa da bizarsa, haɗe da takardar haihuwa. Idan uwa ce kaɗai ko uba kaɗai zai tafi da su, a riƙe takardar amincewar ɗayan mai sa hannu.

Jakar hannu: gorar ruwa, dabino ko biskit, maganin da kake sha kullum tare da takardar likita, tishu, biro, cajar waya, da kaya kala ɗaya na canji ko da za ka kwana a hanya. Mai ciwon suga ko hawan jini kada ya kuskura ya sa maganinsa a akwatin da za a loda a cikin jirgi, domin akwatin yana can bayan layin da kake tsaye.

1. Tantance ko tsarin ya shafe ka

Ya shafi duk wanda ba ɗan ƙasashen Tarayyar Turai ko na Shengen ba ne kuma ya zo zaman da bai wuce kwana 90 ba: yawon buɗe ido, ziyarar dangi, taro, sarin kaya, duba lafiya. Mai takardar izinin zama a wata ƙasar Shengen, ko mai doguwar biza irin ta ɗalibai da ma'aikata, ba a yi masa wannan rajista, sai dai ya nuna katinsa. Ayilan da Sayifurus suna cikin Tarayyar Turai amma ba sa amfani da tsarin. Suwizalan, Nowe da Aisilan ba sa cikin Tarayyar amma suna amfani da shi. Birtaniya ba ruwanta da shi, nata tsarin daban ne.

'Yan'uwanmu mazauna Ingila kashi biyu ne. Mai fasfon Birtaniya ba ya buƙatar biza, amma za a ɗauki hoton fuskarsa da yatsu huɗu a zuwansa na farko, kuma idan ta Dover, Folkestone ko tashar jirgin ƙasa ta St Pancras zai bi, tun a can ake yi masa kafin ya tsallaka. Mai fasfon Najeriya da ke zaune a Ingila kuwa yana nan a sahunmu, sai da bizar Shengen.

Rajistar kyauta ce, kuma a iyaka ake yin ta. Duk shafin intanet ko ɗan kamashon da ya ce ka biya shi ya yi maka EES tun daga gida, damfara ce.

2. Sayen tikiti

Tun ran gini ran zane. Mafi yawan waɗanda na ga jirgi ya bari, tun ranar sayen tikiti suka yi asarar, ba su sani ba.

Ƙa'idar ita ce: a filin jirgin Shengen na farko da ka taka ake tantance ka, ba a inda za ka ƙare ba. Idan za ka Milan amma jirginka daga Abuja zai sauka Frankfurt ka canza, a Frankfurt za ka shiga layi. Jirgin Frankfurt zuwa Milan kamar na Kano zuwa Legas ne a wurinsu, babu wani binciken fasfo a Milan. Haka idan ka bi ta Faris ko Amsterdam. To, kamfanoni suna sayar da tikiti mai tazarar awa ɗaya ko awa ɗaya da rabi tsakanin jirage biyu, kuma sau da yawa shi ne mafi arha. Kada arharsa ta ruɗe ka. A cikin wannan ɗan lokaci za ka fito daga jirgi, ka yi doguwar tafiya a ƙafa, ka bi layin shige da fice, a sake binciken jakarka, sannan ka nemi ƙofar jirgi na biyu, wadda ake rufewa tun kafin lokacin tashi. Ni ba na sayen abin da ya gaza awa uku. Idan da tsoho ko yara, ko lokacin hutun bazararsu ne na Yuli da Agusta, ko ƙarshen Disamba, awa huɗu nake nema. Zaman jira a kujera da shayi a hannu ya fi gudu da jaka a kafaɗa.

Abu na biyu, dukan tafiyar ta kasance a tikiti ɗaya, mai lambar ajiya ɗaya. Idan haka ne, ko layi ya riƙe ka, galibi kamfanin zai sa ka a jirgi na gaba. Idan kuwa ka sayi Abuja zuwa Faris a wani kamfani, ka sayi Faris zuwa Madrid a wani mai arha, jirgi na biyu bai san da zuwanka ba. Ka makara, tikitin ya mutu, sai sabon kuɗi. Kuma dokar Turai ta biyan diyyar jinkirin jirgi ba ta ɗaukar jinkirin layin shige da fice a matsayin laifin kamfani.

Idan ba ka samu tazara mai kyau ba, akwai wata hanya: yada zango a wajen Shengen, irin Istanbul, Alƙahira, Doha, Adis Ababa ko Kasabalanka, daga can ka wuce kai tsaye garin da za ka. A nan layin yana ƙarshen tafiyarka, babu jirgin da kake tsoron ya tashi. Wannan hanyar nake zaɓa wa dattawa. Sai dai ka gaya wa mai zuwa tarbarka kada ya ƙirga daga lokacin saukar jirgi, ya ƙara awa biyu a kai, kuma kada ka sayi tikitin jirgin ƙasa mai ƙayyadadden lokaci dab da saukarka.

Wanda zai wuce ta Turai ne kawai zuwa wata nahiya, bai fita daga sashen masu canjin jirgi ba, ba ya bin wannan layi. Amma masu fasfon Najeriya da Gana suna buƙatar bizar yada zango ko da ba za su fita ba, sai in suna riƙe da wata bizar da ta ɗauke musu, irin ta Amurka ko Kanada mai aiki. A tambayi wannan kafin a biya kuɗin tikiti.

3. Karanta bizarka, ka ƙirga kwanakinka

A da tambari ne ke tuna maka ranar da ka shiga. Yanzu kwamfuta ce ke ƙirga, kuma ba ta mantuwa, ba ta kuma jin magiya.

A jikin takardar biza akwai wurare uku da za ka duba. Na farko ranakun farawa da ƙarewa. Na biyu yawan shiga: 1, 2, ko MULT ga mai shiga da fita sau da yawa. Na uku yawan kwanakin da aka yarje maka ka zauna. Kuskuren da ya fi cin mutanenmu shi ne ɗaukar ranar ƙarewar biza a matsayin ranar fita. Misali, bizarka ta fara 1 ga Yuli ta ƙare 14 ga Agusta, kwanakin zama 30. Ka shiga 5 ga Yuli. Ranar shiga kwana ɗaya ce, ranar fita ma kwana ɗaya ce, saboda haka 3 ga Agusta ce ranarka ta ƙarshe, duk da bizar tana da sauran kwana 11 a rubuce.

Mai MULT kuma yana ƙarƙashin ƙa'idar kwana 90 cikin kowane kwana 180. Ana waiwayawa baya ne daga ranar da kake ciki. Idan ka zauna daga 1 ga Maris zuwa 29 ga Afrilu, ka ci kwana 60. Ka dawo 1 ga Yuli, saura 30 gare ka, wato ka fita zuwa 30 ga Yuli. Fita ka dawo ba ya sake ƙirgar daga farko. Tarayyar Turai tana da na'urar lissafin kwanaki a shafinta na intanet, amma ni har yanzu a ɗan littafi nake rubuta kowace shiga da fita, kuma kana da damar tambayar jami'in iyaka kwana nawa suka rage maka.

Wanda ya wuce kwanakinsa, sunansa yana fitowa da kansa a jerin masu ƙetare wa'adi, bayanin ya zauna shekara biyar. Wanda ya fita a kan lokaci, shekara uku ake ajiye nasa.

4. Kula da yatsunka tun sati biyu kafin tafiya

Wannan matakin ya fi shafar mata, kuma ba za ka gan shi a takardun Turawa ba.

Na taɓa raka gwaggona wajen 'yarta da ta haihu. Kwana huɗu kafin tafiya aka yi biki a gidanmu, aka yi mata ƙunshi har kan yatsu, ja ya koma baƙi-baƙi. A tagar jami'i ta ɗora yatsu a gilashin, fitila ta nuna ja. Ta goge, ta sake, ja. Aka gwada hagu, haka. Ta waiwayo ta ce min, "Ɗan nan, ko dai sun ƙi ni ne?" Na ce, "A'a Gwaggo, lallen ne, ki kwantar da hankalinki." Aka kai mu gefe, aka zaunar da mu, wani jami'in ya zo ya yi ta gwadawa yatsa ɗaya-ɗaya har aka samu waɗanda suka kama. Ba wanda ya ɗaga mana murya, amma kusan minti arba'in suka tafi bayan awa ɗaya da rabi na layi, jirginmu na biyu ya tashi. Tikiti ɗaya ne, aka sa mu a na yamma. Har yau ina tuna yadda ta zauna tana kallon tafin hannunta, ita da ta yi kwalliyar don jikanta.

Wanda ya taɓa yin rajistar JAMB, NIN ko BVN ya san wannan matsala. Idan za a yi lalle, a tsaya a bayan hannu, a bar kan yatsu da cikinsu fari. Idan an riga an yi, babu wani sinadarin da zan ba ki shawarar ki goge da shi, domin masu ƙarfin suna cinye zanen fatar, abin ya ƙara lalacewa. A bar shi ya kwashe da kansa, a ƙara tazarar canjin jirgi, a kuma faɗa wa jami'i tun kafin ya tambaya.

Maza ma suna da nasu. Hunturu yana busar da yatsa har ya tsage, sanyin cikin jirgi ya ƙara. Shafa mai da dare na 'yan kwanaki kafin tafiya, amma kada ka shafa dab da layi, maiƙo yana ɓata hoton. Idan a gaban na'ura yatsan ya bushe, goga shi a goshinka ko ka hura masa iskar baki. Idan gumi ne, tishu. Dattijon da aikin hannu ya shafe masa zane, ko mai rauni a yatsa, doka ta san da shi: wanda ba zai yiwu a ɗauki yatsunsa ba ana rubuta dalili a wuce da shi. Wanda ya ce shi ba zai bayar ba ne ake mayarwa.

5. A cikin jirgi da saukowa

Nemi kujera ta gaba-gaba lokacin karɓar katin shiga jirgi. Mutum ɗari biyu ko uku ne za su fito tare da kai, kuma bambancin na gaba da na baya yana iya kai rabin awa a layi. Shiga bayi kafin jirgi ya fara sauka, ka yi alwala idan lokacin salla ya kusa, ka roƙi ma'aikata su cika maka gora. Da ka fito, ka miƙe. Kada ka tsaya ɗaukar hoto ko neman intanet don sanar da gida, za ka yi wannan a cikin layi ko bayansa.

Tsoho, mai ciwon ƙafa ko mai juna biyu da ba za ta iya doguwar tsayuwa ba, a nema musu keken guragu ta wajen kamfanin jirgi aƙalla awa 48 kafin tafiya. A filayen jiragen Turai kyauta ne, kuma ma'aikacin da ke tura keken yana bi da su ta hanyar da ba ta da cunkoso. Dattawanmu sukan ƙi saboda kunya, su ce ƙafarsu lafiya lau. A lallashe su. Tsayuwar awa biyu bayan kwana a zaune ba wasa ba ce.

6. Zaɓen layi

Alluna biyu za ka gani. Mai tutar Tarayyar Turai, shuɗiya da taurari, an rubuta EU, EEA, CH, na 'yan gida ne. Namu shi ne wanda aka rubuta All passports, ko Tous passeports a Faransa da Beljiyam. Ka shiga na farko don ya fi gajarta, sai ka kai gaba a dawo da kai baya.

A filaye da yawa akwai na'urori a jere kafin tagogin jami'ai, da ma'aikata masu nuna wa mutane inda za su bi. Nuna musu fasfonka a buɗe a shafin biza, domin a wasu wuraren masu biza kai tsaye ake tura su taga. Idan jirginka na biyu ya kusa, nuna katin shigarsa ga ma'aikacin layi cikin ladabi. Wasu filayen suna da gajeren layi na masu ƙurarren lokaci. Wani lokaci a taimaka, wani lokaci a ce ka jira, amma tambayar ba ta da laifi. Tsallake igiya ko kutsawa gaban mutane kuwa yana iya jawo maka abin da ya fi jira.

7. A gaban na'ura

Zaɓi harshe, akwai Turanci da Faransanci. Kifa shafin hotonka na fasfo a kan gilashin, ka danne shi, kada ka ɗaga sai ta ce. Cire shi daga rigar leda tukuna, domin rigar tana hana karantawa. Sai hoto: cire hula da tabarau, tsaya daidai inda aka zana ƙafa, dubi kyamara, fuska a sake. Mai hijabi ba ta buƙatar cirewa, ta dai ja shi baya kaɗan yadda goshi, kumatu da haɓa za su fito. Mai niƙabi dole ta ɗaga, kuma tana iya roƙon a haɗa ta da jami'a mace. Yara 'yan ƙasa da shekara 12 ba a ɗaukar yatsunsu, amma ana ɗaukar hotonsu, har jariri.

Yatsu huɗu na dama ake ɗorawa, ban da babban yatsa, a haɗe, a shimfiɗe, da ɗan dannawa kaɗan. Mu masu biza yatsunmu suna cikin rumbun biza tun daga gida, abin da ake yi a iyaka shi ne gwada na hannunka da na rumbun. Wasu na'urorin suna yin tambayoyi: kana da masauki, kana da tikitin dawowa, kana da kuɗin guzuri. Karanta kafin ka danna. Idan ta ƙi ka sau biyu, kada ka tsaya kokawa da ita, kira ma'aikaci ko ka wuce taga, jami'i zai yi komai da hannunsa. Na'urar ba ita ke ba da izinin shiga ba, bayanta ma sai ka ga jami'i.

8. A gaban jami'i

Gaishe shi, miƙa fasfo, ledar takardunka a ɗaya hannun. Iyali su matsa tare. Tambayoyin ba sa wuce me ya kawo ka, ina za ka sauka, kwana nawa, yaushe za ka koma. Amsa a taƙaice, kuma amsar ta dace da abin da ka rubuta lokacin neman biza. Wanda ya nemi bizar Faransa da sunan yawon buɗe ido, ya zo yana cewa wajen ƙaninsa zai je a Jamus wata biyu, shi ya buɗe wa kansa ƙofar tambayoyi. Shiga ta wata ƙasar da ba ita ta ba ka biza ba halal ne, matuƙar kana da tikitin da ke nuna inda ka dosa.

Kowace ƙasa da adadin guzurin da take nema. Faransa, misali, tana neman Yuro 65 a kowace rana ga mai shaidar otal, 120 ga wanda ba shi da ita, 32.50 ga mai takardar masauki ta hukuma daga wanda ya gayyace shi. Ba kullum ake tambaya ba, amma ranar da aka tambaya, katin banki da takardar bayanin asusu ko tsabar kuɗi su ne amsa. Dattijon da ba ya jin Turanci kuma shi kaɗai zai tafi, a rubuta masa takarda guda da manyan baƙaƙe: sunansa, dalilin zuwa, adireshi, ranar komawa, da lambar wanda ke jiransa a waje, wanda kuma zai bar wayarsa a kunne.

Idan aka ce ka koma gefe, ba kora ba ce, ƙarin bincike ne. Idan har aka hana ka shiga, dole a ba ka takarda mai ɗauke da dalili, kuma kana da haƙƙin ɗaukaka ƙara. Kada ka sa hannu a abin da ba ka fahimta ba, nemi tafinta.

Bayan taga sai akwati, sai kwastan. Kilishi, dambun nama, man shanu da duk abin da ya danganci nama ko madara haramun ne shigar da su Tarayyar Turai a kayan fasinja, komai ƙanƙantar ƙullin da aka ba ka saƙo. Tsabar kuɗi da ta kai Yuro 10,000 kuma sai an bayyana ta.

9. Ranar komawa

Mutane suna shirya wa shiga su manta da fita, alhali a fita ne jirgi ya fi barin mutum. Ana sake duba fuska ko yatsa don a rufe maka rajista, a filin Shengen na ƙarshe da za ka tashi daga shi. Mai dawowa daga Milan ta Frankfurt, a Frankfurt zai bi layin, saboda haka tazarar awa uku ta shafi dawowa ma.

Isa filin jirgi awa uku da rabi kafin tashi. Tarkon yana nan: bayan an binciki jakarka za ka faɗo cikin kantuna da wuraren cin abinci, ka ɗauka ka gama. Tagogin fasfo suna can gaba, kafin ƙofofin jiragen da ke barin Shengen. Na ga masu tsarabar turare da cakulan sun fito daga kanti da ledoji sun tarar da layi ya kai bango, ana kiran sunayensu a lasifika. Wuce tagar fasfo tukuna, ka ga ƙofar jirginka da idonka, sannan ka nemi abin da za ka saya a wannan ɓangaren. Mai neman a mayar masa da harajin kayan da ya saya ya ƙara wata awar, domin wannan ma layinsa daban.

Fita da fasfon da ka shiga da shi. Mai fasfo biyu da ya shiga da ɗaya ya fita da ɗaya yana iya barin rajistarsa a buɗe, kwamfuta ta ɗauka yana ciki har yanzu.

10. Bayan ka dawo gida

Tunda babu tambarin da za ka nuna, ajiye katunan shiga jirgi na zuwa da na dawowa, da rasiɗin otal, ka ɗauki hotonsu ka adana. Tambarin da jami'an shige da fice na ƙasarka suka buga maka ranar da ka sauka shi ma shaida ne, ka tabbata an buga kuma ranar ta fito sosai. Idan wata rana wajen neman biza ko a iyaka aka ce ba a ga fitarka ba, da waɗannan za ka nemi a gyara, kuma doka ta ba ka damar neman ganin bayananka da gyara su ta hannun hukumar iyaka ta ƙasar Shengen. A zuwa na biyu cikin shekara uku ba a sake buɗe maka sabuwar rajista, ana gwada fuskarka ko yatsunka ne da abin da ke ajiye, don haka lokacinka a taga zai ragu. Layin da ke gabanka dai yana nan, cike da masu zuwan farko, saboda haka tazarar tikitin kada ka rage ta. Idan ka sabunta fasfo a tsakani, faɗa wa jami'i tun da farko domin ya haɗa sabon da tsohuwar rajistarka.